Matsayin Waɗanda Aka Dawo da Su Gida a Rabon Zakka da Waƙafi

Wasu kwamitocin masallatai a Dutse, Kiyawa da Birnin Kudu sun nemi mu fayyace matsayin waɗanda aka mayar gida bayan an ƙi ba su mafaka a ƙasashen waje, ko an kama su babu takardun zama.

Yarjejeniyar Janiba ta 1951 tana kare wanda ake tsanantawa saboda addininsa, ko asalinsa, ko ra'ayinsa na siyasa, da makamantansu. Talauci ba ya cikin waɗannan dalilai. Don haka wanda neman abinci ya fitar da shi, ya bi ta Damagaram da Agadas har ya tsallaka Turai, galibi ana ƙin amsa roƙonsa. Wasu ma ba sa kaiwa can: Aljeriya na sauke baƙin haure kusa da Assamaka a iyakar Nijar, Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya kuma tana kwaso 'yan Najeriya daga Libiya tun 2017. Tallafin hukumomi na ɗan lokaci ne, sauran ɗawainiyar kan iyali take faɗawa.

Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kaso takwas na masu cin zakka. Wanda guzurinsa ya yanke a Agadas ko a Kano matafiyi ne, ana ba shi abin da zai kai shi gida. Da ya iso garinsu, wannan hukunci ya faɗi, sai a duba halinsa. In ba shi da abin da zai ci da iyalinsa, faƙiri ne ko miskini. In kuwa ya jinginar da gona ko ya ci bashi don kuɗin hanya, yana iya shiga cikin mabarta, muddin bashin ba na saɓo ko almubazzaranci ba ne.

Zakka tana toshe buƙatar yau. Abin da ke hana mutum sake komawa hamada shi ne sana'a, kuma nan waƙafi ya fi dacewa: kuɗin hayar shago ko amfanin gonar waƙafi na iya ɗaukar nauyin koyon ɗinki ko walda, ko samar da jarin kiwon awaki.

Muna roƙon kwamitoci abu uku. Su binciki halin mutum cikin sirri ta hannun limami da mai unguwa, domin kunya na hana da yawa daga cikinsu fitowa ranar rabo. Su fara da fansar gonar da aka jinginar kafin damina ta kama. Kada kuma su manta da mata, musamman masu goyo, domin gori ya fi yi musu nauyi.

Ga masu bayarwa, wanda yake son sadakarsa ko waƙafinsa ya tafi wannan fanni, ya ambata hakan lokacin miƙawa, za mu kiyaye sharaɗinsa. Allah Ya karɓa, Ya sanya albarka a dukiyoyinku.