Dusar Ƙanƙara Ma Ruwa Ce: Lambun Umma a Miniyapolis

Duk wanda ya tashi a Minesota ya san aikin da ake tashin yaro da asuba ya yi a watan Janairu: shebur a hannu, kunne na zogi, a kwashe dusar ƙanƙara daga ƙofar gida. Dokar birnin Miniyapolis ma ta ce mai gida ya share hanyar ƙafa ta gabansa cikin awa 24 bayan ta daina zuba. Shekara da shekaru ina wannan aiki, ban taɓa kallon abin nan a matsayin ruwa ba. Wahala kawai na ɗauke ta.

Farin da aka yi a 2021 ne ya sa na sake tunani. Birni ya taƙaita ban ruwa a waje, ɗan lambun Umma na bayan gida ya yi yaushi, yakuwa da kuɓewar da ta rena tun Maris a bakin taga suka tsaya cak. Wanda bai san darajar yakuwa a nan ba zai ce mene ne abin damuwa. To, a gidanmu ita ce miyar da ke sa Umma ta daina zancen komawa gida na sati guda.

A jami'a na ci karo da famakalca, wato tsara lambu yadda zai riƙa kwaikwayon daji, ya tara ruwansa da takinsa da kansa. Bill Mollison da David Holmgren suka fito da sunan a Ostareliya, littafinsu na farko ya fito a 1978. Wata ƙa'ida ta famakalca ta tsaya mini a rai: ruwan da ya sauka a filinka, ka rage masa gudu, ka baza shi, ka sa ya nutse.

Sai na yi lissafi. Sabuwar dusar ƙanƙara inci 10 tana ba da ruwa kamar inci 1. A shekara muna samun wajen inci 50, ruwa inci 5 ke nan. Inci ɗaya a kan murabba'in mita ya kai lita 25. Lambunmu murabba'in mita 20 ne, ka ga lita 2,500, ban da wadda nake kwasowa daga tsakar gida. Rana da iska suna cinye wani kaso, amma kai, ba kaɗan ba ne!

Kuskurena na farko duro ne. Na danna masa dusar ƙanƙara har baki, ta ɗan narke ta sake daskarewa, duro ya tsage, domin ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya zama ƙanƙara. Na biyu ya fi ciwo. Na kwaso tudun da motar share titi ke turowa bakin hanya na jibge a kan kwamin alayyafo. Gishirin da ake watsa wa titi duk yana ciki. Kwamin nan bai yi abin kirki ba a wannan shekarar, Umma kuma har yau ba ta manta ba.

Ashe ma'ajin gaskiya ƙasa ce. Matsalar ita ce idan ƙasa ta daskare, ruwan narkewar Maris bin kanta yake yi ya tafi kwata. Don haka aikin tun Oktoba yake farawa. Na haƙa ramuka marasa zurfi a gicciye da gangaren fili, na zuba taki, na rufe da busasshen ganyen da maƙwabta ke murnar rabuwa da shi. Ganye da dusar farko suna zama bargo, sanyi ba ya shiga ƙasa sosai. Duk tsabtatacciyar dusar da na kwashe, can nake tulawa, nesa da bangon gida don kada ruwa ya shiga ɗakin ƙasa. Tuli ɗaya na rufe da ɓarɓashin itace don ya narke a hankali.

Baba ya fito ya tsaya yana kallona, hannu cikin aljihun kwat. Ya ce, "Wannan ai tassa ce. A Tawa haka ake yi wa faƙo, rami da taki, ruwa ya zauna." Na ce, "Baba, famakalca ake ce masa." Ya ce, "Sannu da boko," ya koma ciki.

Kada in yi muku ƙarya, ba ta kai mu Agusta ba tare da ban ruwa ba. Bayan hunturun 2022 zuwa 2023, da aka yi wajen inci 90, ramukan sun riƙe danshi har cikin Yuni. Hunturun da ya biyo baya ko inci 30 ba a samu ba, tulin nawa abin tausayi. Kuma inda tuli ya daɗe ƙasa tana jinkirin ɗumi, kuɓewa kuwa ba ta son sanyi ko kaɗan. Yanzu albasa da kabeji nake sawa kusa da ramukan, kuɓewa da yakuwa suna can jikin katangar da rana ke duka. Umma ta ce bana ita za ta nuna inda za a tula, ni nawa shebur ne.