Fayil Ɗin Ma'aikaci: Abin da Ake Rubutawa da Abin da Ake Jin Nauyin Rubutawa

A ƙaramar hukumar Birnin Kudu ta Jihar Jigawa kaɗai, ma'aikatan gwamnati kashi uku ne, kowane kashi da inda ake ajiye tarihinsa. Nas ɗin da ke aiki a Cibiyar Lafiya ta Tarayya ma'aikaciyar Abuja ce. Malamin Kwalejin Gwamnati na jiha ne, maganarsa a Dutse take ƙarewa. Malamin firamare na Kiyako ko Sundimina kuwa yana ƙarƙashin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar SUBEB. A Gwaram ma malamin makaranta da malamin asibiti ba uwar ɗakinsu ɗaya ba. Abin da ya haɗa su duka shi ne fayil.

A tsarin aikin gwamnati, ma'aikaci fayil biyu gare shi. Buɗaɗɗen shi ke ɗauke da takardar ɗaukar aiki, da ta tabbatarwa, da takardun makaranta, hutu, canjin wurin aiki da ƙarin girma. Na sirrin nan ake saka rahoton ƙwazo na shekara-shekara da duk abin da ya shafi ladabtarwa. Layin da ya fi kowane tsada a ciki shi ne ranar haihuwa. Ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, wadda jihohi ke kwaikwayo, ta ce ranar da aka rubuta lokacin kama aiki ba ta canzawa, domin da ita ake lissafin ritaya: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga cika. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta ɗaga na malaman makaranta zuwa 65 da 40. A ƙasar da akasarin manya takardar rantsuwar kotu ce shaidar haihuwarsu, ba abin mamaki ba ne a tarar da mutum ɗaya da shekarun haihuwa biyu.

Jigawa na da nata ƙarin tarihin. An cire ta daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991, saboda haka duk wanda ya kama aiki kafin nan, da sunan Jihar Kano aka buɗe masa fayil. Na ƙarshensu shekara 35 ɗinsu na cika a 2026. Takardar da akawu ya buga da tafireta a wancan zamani, in ta tsira daga gara da ɗigar rufi, ita za a nema ranar lissafin garatuti.

Wannan ɓangaren mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙa shi ne rubuta halin ma'aikaci. Ƙa'ida ta raba laifi gida biyu. Yawan makara da sakaci ƙananan laifuka ne. Ƙin zuwa aiki ba izini, ko sauya bayanai a takardun hukuma, manya ne da kan iya kai mutum ga kora. Hanyar kuma a shimfiɗe take. A ba shi takardar tuhuma, wadda ma'aikata ke kira kwiri, a fayyace laifin da ranar da ya auku, a ba shi wa'adin amsawa, a saka amsar tasa a fayil. In ta gamsar, magana ta mutu. In ba ta gamsar ba, sai gargaɗi a rubuce ko kwamitin ladabtarwa. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa haƙƙin a ji ta bakinsa, kuma tun a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985 Kotun Ƙoli ta nuna cewa wanda doka ta kafa aikinsa, in aka sallame shi ba a bi ƙa'ida ba, mayar da shi za a yi. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, irin waɗannan ƙararraki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke saurare, ita kuwa takarda take tambaya.

To amma wa zai rubuta? Hedimasta a Sara ko Basirka ba baƙo yake shugabanta ba. Malamin da ke tsallake aji ranar kasuwa ƙila ɗan maƙwabcinsa ne, ko surukin limamin unguwa, ko yaron wani kansila. In ya ba shi kwiri da safe, kafin magariba dattawa sun yi sallama a ƙofar gida: "Haba Malam, a yi haƙuri, ai ɗanka ne." Sai a koma faɗa da baki, shekara da shekaru. A littafin sa hannu wani ya cike wa wani. Fom ɗin rahoton shekara ya zama na neman ƙarin girma kawai, kowa gwani ne, har gwamnatin tarayya ta yanke shawarar maye gurbinsa da sabon tsarin auna aiki. Ranar da tura ta kai bango aka tashi hukunci, a buɗe fayil a same shi fes.

A ganina wannan kara ba ma'aikacin take taimako ba, ko da yake da sunansa ake yin ta. Wanda aka yi wa gargaɗi a rubuce tun laifin farko yana da damar gyarawa, ya kuma san iyakar abin da ake tuhumarsa da shi. Wanda aka ƙyale, ranar da shugaba ya canza ko siyasa ta juya, sai a tara masa kwiri uku a mako guda, ko a wurga shi ƙauyen da ke bakin iyakar Bauci ba tare da an faɗi dalili ba. Mai ƙwazon ma asara yake yi. Ungozomar da ke kwana a asibitin ƙauye tana karɓar haihuwa da fitilar waya, in ba wanda ya rubuta mata takardar yabo, fayil ɗinta da na wadda ba ta zuwa ba su da bambanci a idon masu ƙarin girma.

A 2025 gwamnatin Jigawa ta Gwamna Umar Namadi ta sanar da cewa tantance ma'aikata ya fitar da sunayen bogi fiye da 6,000 daga jerin masu karɓar albashi. Aiki ne mai kyau, musamman a jihar da asusun fanshonta na karo-karo ya dogara da sahihan alƙaluman albashi. Sai dai hoton yatsa da lambar BVN abin da suke tabbatarwa shi ne mutumin yana raye kuma shi kaɗai ne. Ko ya shiga aji ranar Talata, sai dai a tambayi hedimasta. In aka kwashe fayil marar komai aka zuba a kwamfuta, marar komai za a samu.

Masu makarantun kuɗi, kemis da gidajen mai na waɗannan garuruwa su ma doka ba ta bar su ba, ko da yake da yawansu da baki suke ɗaukar yaro aiki, da baki su sallame shi. Dokar Ƙwadago ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce, a kuma adana bayanan albashinsa har shekara uku. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ƙara wani nauyin: takardar rashin lafiyar ma'aikaci da lambar asusunsa ba abin yawo ba ne a zauren WhatsApp na ofis, kuma yana da haƙƙin neman a nuna masa abin da aka ajiye a kansa, a gyara in akwai kuskure.