Igiyar gado

A kasuwar Madawa ana sayar da igiyar kaba. Mai tufka yakan ɗauki sili biyu, ya murza su, su naɗe juna. A jikinmu ma akwai igiya mai sili biyu. Masana suna kiranta DNA, da Faransanci ADN. Mu sai mu ce mata igiyar gado, don daga uwa da uba muke samunta. Ita ce ta sa irin albasa ba ya tsirar da hatsi.

A shekarar 1953 Watson da Crick suka bayyana siffarta a Ingila. Hoton da aka ɗauka a ɗakin binciken Rosalind Franklin ya taimake su.

Kowane sili jerin haruffa ne iri huɗu: A, T, G, C. Kullum A na wannan sili yana riƙe da T na wancan, G kuma da C. Bayan haruffa wajen 10, igiyar ta yi juyi ɗaya.

Jikinmu tarin ƙwayoyi ne ƙanana, ido ba ya ganinsu. Cikin ƙwaya ɗaya akwai igiya wajen mita 2. Yaya ta shiga? Naɗe ta aka yi, kamar zare a jikin mazari. Mazarin nata sunansa histon.

Amma ba ko'ina take lanƙwasuwa daidai ba. Jerin haruffa ne yake sa haka. Inda A huɗu zuwa shida suka biyo juna, igiyar takan ɗan karkace. In wannan jeri yana dawowa a kowane juyi, duk karkatar tana fuskantar gefe ɗaya, sai igiyar ta tanƙware kamar baka. A shekarar 1982 masana a Amurka suka ga haka cikin wata ƙwayar cuta da ke zaune a jikin tsaka.

In jerin A ya yi tsawo sosai, wurin ya sandare, ya ƙi hawa mazari. Wannan yana da amfani. Wurin da ya naɗu tam, da wuya jiki ya karanta saƙonsa. Wurin da yake buɗe, a nan karatu yakan fara.

Tambayoyi

1. Wane harafi ne yake riƙe da G?
2. Me ya sa ake naɗe igiyar gado?
3. Ku tufka igiyar kaba, ku naɗe ta a kara. Ina ta ƙi lanƙwasuwa?