Ranar Da Ƙwallo Ta Ci Rayuka 126 A Accra

Ran Laraba, 9 ga watan Mayu 2001, dubban samari suka yi cincirindo a babban filin wasa na Accra, ƙasar Ghana, domin kallon karawar Hearts of Oak da Asante Kotoko ta Kumasi. Tsohuwar gaba ce tsakanin ƙungiyoyin nan biyu. Kotoko ce ta fara cin ƙwallo, amma dab da tashi sai Hearts ta zura biyu, Ishmael Addo ne ya ci duka. Nan fa magoya bayan Kotoko suka harzuƙa, suka shiga ɓalle kujerun roba suna jifa cikin fili, har da kwalabe.

'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin taron. Jama'a suka ruga neman mafita, ga hayaƙi a ido, ga ƙofofi a kulle. Aka danne juna a kan matakala, numfashi ya gagara. Mutum 126 suka riga mu gidan gaskiya a daren nan. Shugaba John Kufuor ya ba da kwana uku na makoki, samarin unguwar Nima kuwa suka fito zanga-zanga kan 'yan sanda. Hukumar binciken da aka kafa ta ɗora laifin a kan 'yan sandan. An gurfanar da manyan jami'ai shida, amma a 2003 kotu ta sallame su.

'Yan'uwa, laifin hukuma a bayyane yake, ba mai musu. Amma wa ya fara jifa? Yaron da ya ɓalle kujerar farko bai yi nufin kashe kowa ba. Fushi ne kawai na minti biyar, ga abokai suna zuga shi, shi kuma ba ya so a ce masa matsoraci. Haka abin yake farawa. A filin Heysel na Beljiyam a 1985, magoya bayan Liverpool ne suka far wa na Juventus, bango ya rufta, mutum 39 suka mutu.

Kada mu ce abin nesa ne. Duk wanda ya taɓa leƙa gidan kallon ƙwallo a unguwarsu ya ji irin zagin da ke fita daga bakin yaran da da safe suka raira waƙa a ƙungiyar mawaƙa. Wani har uwar ɗan'uwansa zai zaga a kan kulob ɗin Ingila da bai san da zamansa ba. Iyaye da shugabannin matasa sun fi tambayar ko yaro ya zo sujada, ba su cika tambayar inda ya nufa bayan an tashi ba.

A bakin filin wasan Accra an kafa gunkin tunawa: wani mutum ɗauke da ɗan'uwansa da ya jikkata. Rubutun da ke jikinsa amsa ce ga tambayar da Kayinu ya yi wa Ubangiji bayan ya kashe Habila. Kowace shekara ran 9 ga Mayu, iyalan mamatan da magoya bayan ƙungiyoyin biyu sukan taru su tuna da su.