Esperanto: harshen da likitan ido ya ƙera

Duk wanda ya yi lakwal a Tasawa ko Mayahi ya san wahalar fi'ilin Faransanci: ka haddace ƙa'ida yau, gobe mushe ya ce wannan kalmar ba ta bin ta. Akwai harshen da ba ya wannan wulaƙanci. Sunansa Esperanto, wani likitan ido mai suna Ludwik Zamenhof ne ya zauna ya tsara shi, ya fitar da littafinsa na farko a birnin Warso a 1887, da fatan kabilun da ba sa jin maganar juna su samu abin gaisawa. Ƙa'idojinsa na tushe 16 ne.

Sabon ɗalibi zai iya kama yawancinsu a zama ɗaya. Kowane suna yana ƙarewa da o, sifa da a, jam'i kuma a ƙara j, a furta shi kamar y. Mu da muke cewa gida gidaje, kare karnuka, abin zai ba mu dariya: domo, domoj, shi ke nan. Fi'ili ba ya kula da wanda ya yi aikin. In ya ƙare da as na yanzu ne, is ya wuce, os yana tafe.

Daɗin yana wajen haɗa kalma, kuma nan Bahaushe ɗan gida ne. Yadda muka samu marina daga rini, majema daga jima, haka ej yake nuna wuri: kuiri dafawa, kuirejo madafa, lerni koyo, lernejo makaranta. Ka sa mal a gaba, ma'ana ta juya: granda babba, malgranda ƙarami. Inda masu farawa suke yawan tuntuɓe shi ne n ɗin da ake liƙa wa abin da aiki ya faɗa kansa: kare hundo ne, amma "ina ganin kare" sai ka ce mi vidas hundon.

Sai dai a ganina masu cewa harshen yana da sauƙi ga kowa sun zuzuta. Kalmominsa kusan duk na Turai ne. Wanda ya iya Faransanci zai gane tablo da bona tun kafin a gaya masa, amma manomin Mayahi da karatunsa na allo ne, daga farko zai ɗauko. Wasu ma sun gwada nasu: Alex Igbineweka ya ƙirƙiro Guosa a Najeriya a 1965, da kalmomin Hausa, Yarbanci da Ibo. Babban taron Esperanto na duniya kuwa bai taka Afirka ba sai 2024, a Arusha ta Tanzaniya.