Abin da Nasara Suke Nufi da Uku, da Inda Muka Rabu da Su

 

Ya ku masu sauraro na Baleyara da Filinge da sauran garuruwan Tagazar da Kurfai, karatunmu ya kawo mu aya ta 171 ta Suratun Nisa'i, inda Allah Ya hana Ma'abota Littafi wuce iyaka cikin addini, Ya kuma hana su maganar uku. Kowace shekara mukan fassara ta mu wuce. Bana za mu tsaya a kanta, domin da yawa daga cikin masu cewa Nasara suna bauta wa uku, in ka tambaye su su wane ne ukun, sai magana ta kakare. Alhali mutanen nan ba nesa suke da mu ba. Akwai su cikin malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da sojojin da ake turowa ƙasarmu, akwai su cikin baƙin da ke cin kasuwar Baleyara ranar Lahadi. Ku lura, in mun ce Nasara a nan, ba Bature muke nufi ba kamar yadda bakinmu ya saba. Mabiya Annabi Isa muke nufi, baƙi da farare, waɗanda ake ce wa Kirista.

Ƙa'idar malamai ita ce, ba a warware maganar mutum sai an faɗe ta yadda shi mai ita zai ji ya ce, na'am, haka nake nufi. To, ga abin da suke cewa. Allah ɗaya ne, ba biyu ba, ba uku ba. Takardar imanin da suke karantawa cikin majami'a da furta kaɗaitakar Allah take farawa. Sai dai sun ce wannan zati guda yana tabbace cikin uku tun fil azal: Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki. Kowane ɗaya Allah ne cikakke, ba kashi ɗaya cikin uku ba, amma Uba ba Shi ne Ɗa ba, Ɗa kuma ba Shi ne Ruhu ba. Nasaran ƙasashen Larabawa suna kiran kowane ɗaya uƙnumi, jam'insa aƙanimu. Zamakhshari ya kawo wannan a tafsirinsa na ayar da muke kai: jauhari ɗaya, aƙanimu uku, ya ce ana ba da labarin suna nufin zati da ilimi da rayuwa. Littattafanmu suna kiran wannan aƙida taslisi, su kuwa da Hausa sukan ce Triniti, ko Allah uku cikin ɗaya.

Akwai abu biyu da ake jingina musu waɗanda ba su faɗa ba. Na farko, cewa Allah Ya yi aure Ya haihu kamar ɗan Adam. Duk Kiristan da ya san addininsa, in ya ji haka, ransa zai ɓaci kamar yadda naku zai ɓaci. A wurinsu kalmar Ɗa ba ta jiki ba ce, suna kwatanta ta da fitar magana daga mai magana, ko haske daga rana, ba tare da farko ba. Na biyu, cewa Maryamu tana cikin ukun. Nan almajiri zai ɗaga hannu ya ce, Malam, ai Jalalaini ya lissafa Allah da Isa da uwarsa. Gaskiya ne, kuma ƙarshen Suratul Ma'ida ya ambaci waɗanda suka riƙi Isa da uwarsa abin bauta. An yi masu wannan ra'ayi. Wani babban malamin Nasara na ƙarni na 4 ya rubuta labarin wasu mata a ƙasar Larabawa da ke miƙa wa Maryamu gurasa don bauta, shi da kansa ya kira su ɓatattu. Amma majami'un da ke Yamai da Maradi da Dogon Dutsi a yau, Katolika ne ko masu bishara, babu wadda ke lissafa Maryamu cikin ukun. Katolika suna girmama ta suna neman ta roƙa musu, masu bishara ko wannan ba su yarda da shi ba.

Daga ina aƙidar ta fito? Kalmar Triniti ba ta cikin Littafi Mai Tsarki da ke hannunsu, su ma ba su musun haka. Wanda aka fara sanin ya rubuta ta da Latinanci wani malami ne, Tartuliyanu, mutumin Kartaj ta ƙasar Tunisiya ta yanzu, a farkon ƙarni na 3 na Miladiyya. Abin da ya faru shi ne, sun gaji tauhidin Bani Isra'ila, sa'an nan suka tarar cikin Linjilolinsu ana ba Isa siffofi da ayyuka irin na Ubangiji, ana kuma ambaton Ruhu. Sai suka yi ta neman lafazin da zai riƙe biyun ba tare da sakin ɗaya ba.

Rigima ta tashi a Iskandariya ta Masar lokacin da wani limaminsu mai suna Ariyus ya ce Ɗan halitta ne, akwai sa'ad da babu shi. Sarkin Rum Ƙusɗanɗin ya tara shugabannin majami'u a garin Niƙiya, wanda yau ake kira Iznik cikin Turkiyya, a shekara ta 325. Taron ya yanke cewa Ɗan ba halitta ba ne, zatinsa da na Uba ɗaya ne. Ibn Kasir ya kawo labarin wannan taro daga Sa'idu ɗan Biɗriƙ, shugaban Nasaran Iskandariya, ya ambaci mutum 318 da suka haɗu a kan magana ɗaya. Gardama ba ta kwanta ba sai da aka sake zama a Ƙusɗanɗiniyya a 381, aka tabbatar da allahntakar Ruhu. Mukan ji samarinmu suna cewa Ariyus Musulmi ne kafin Musulunci. A yi hattara. Ya ƙi daidaita Isa da Allah, amma bai daina kiransa Ɗa ba, kuma ya yi imani ta hannunsa aka halicci duniya. Wannan ba aƙidarmu ba ce. Bayan haka ne suka rarrabu a kan yadda allahntaka da mutuntaka suka haɗu cikin Isa, aka sami Malkaniyya da Nasɗuriyya da Yaƙubiyya da Shaharastani ya yi bayaninsu cikin Al-Milal wan-Nihal.

Yanzu ga wurin da muke so ku buɗe kunne. Me ya sa mutum mai hankali, likita ko manomi, yake riƙe da abin da shi kansa zai ce maka asiri ne da hankali ba ya kewaye shi? Domin a wurinsa ba lissafi ba ne, tsirarsa ce ke rataye a nan. Sun yi imani zunubin Adamu ya raba mutum da Allah rabuwar da aikin ɗan Adam ba ya iya gyarawa, sai Allah da kansa Ya zo. In Isa halitta ne kawai, a ganinsu mutuwarsa ba ta fanshi kowa ba, addinin ya rushe ke nan. Saboda haka in ka ce masa Isa annabi ne mai girma, kai kana ganin yabo ka yi, shi kuwa yana jin ka janye masa tsanin da yake tsaye a kai.

Sun kuma ce Allah ƙauna ne tun kafin a yi sama da ƙasa, ƙauna kuwa tana bukatar mai so da wanda ake so, to ukun nan suna ƙaunar juna tun azal. Daga nan suke ɗauko darasin zaman aure da zaman jama'a. Ruhu kuma, a fahimtarsu, Allah ne da ke zaune cikin zuciyar mai bi, yana ƙarfafa shi yana shiryar da shi. Shi ya sa duk ibadarsu a kan ukun take ginuwa. Wanda zai shiga addinin ana yi masa wankan baftisma ana ambaton sunayen uku. Ɗan Katolika yakan taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu yana ambatonsu. Addu'a ana yin ta ga Uba, ta wurin Ɗa, da taimakon Ruhu. Tsohuwar da ke kuka a makabarta tana kiran Yesu, a zuciyarta Mahaliccinta take kira, wanda ta gaskata Ya ɗanɗani mutuwa irin ta ɗanta.

Mun faɗi maganarsu, ga tamu, kuma ba za mu sassauta ta don neman yardar kowa ba. Duk wanda ya karanci Ummul Barahin ta Shehu Sanusi ya san Allah ɗaya ne cikin zatinSa da siffofinSa da ayyukanSa, Ya saɓa wa fararru, Ya tsayu da kanSa. In wani ya ce mana, ai ku ma kuna da siffofi ashirin, mu uku kawai muka ce, sai mu amsa: ilimin Allah da rayuwarSa siffofi ne tsayayyu da zatinSa, ba wanda ke magana da wani, ba wanda aka aiko. Ba mu taɓa cewa ya ilimin Allah ka gafarta mana ba. Su kuwa cikin littafinsu Ɗa yana roƙon Uba, Uba yana aiko Ɗa. Mai roƙo da wanda ake roƙo, hankalinmu bai karɓi zamansu ɗaya ba.

Asalin rabuwar ma ba a lamba take ba, tana ga cewa wanda ba shi da farko Ya zama jariri, Ya ji yunwa, Ya mutu. Mun yarda an haifi Isa ba uba, mun yarda da mu'ujizozinsa, Alƙur'ani ya kira shi kalma daga Allah da ruhi daga gare Shi. Malamanmu sun fassara kalmar da umurnin samuwa wanda da shi aka halicce shi, Suratu Ali Imrana kuma ta buga misali da Adamu wanda ba shi da uba ba shi da uwa. Ruhul Ƙudusi a wurinmu Mala'ika Jibrilu ne. Zunubin gado babu shi, domin Adamu ya tuba an karɓa, kuma ba mai ɗaukar laifin wani. In babu bashin gado, ba a bukatar mai biya. Aya ta 73 ta Ma'ida ta hukunta maganar uku da kafirci, wannan kuwa ba mu da ikon share shi.

Amma hukuncin aƙida daban, jini da dukiya daban. Surar nan ta Ma'ida da ta yi wannan hukunci, ita ce ta halatta mana abincinsu da auren matansu kamammu. Yaya za a ce ka ƙone gidan ibadar surukinka? Nasaran Najran sun zo Madina su sittin, suka yi gardama da Manzon Allah a kan Annabi Isa. Ibn Ishaƙ ya ruwaito cewa da lokacin ibadarsu ya yi, ya bar su suka yi ta cikin masallacinsa suna fuskantar gabas. Ba su musulunta ba, aka yi yarjejeniya, suka koma gida lafiya. Halifa Mahdi na Abbasiyawa ya zauna kwana biyu a Bagadaza yana muhawara da Timotawus, shugaban Nasɗuriyya, a kan wannan mas'ala ta uku, aka tashi ba wanda aka taɓa.

Mu kuwa a ƙasarmu mun ga abin da ya faru ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 a Damagaram da Yamai. Wata jarida ta Faransa ta yi izgili ga Annabinmu, jaridar da su Nasaran ma ba ta bari ba, sai fushi ya faɗa kan maƙwabta waɗanda ba su zana ba, ba su buga ba. Aka ƙone majami'u masu yawa, aka rasa rayuka. A 2018 aka sace wani limamin Katolika ɗan Italiya a Bomowanga, can ƙasar Gurmawa, ya yi shekara biyu a hannun ƴan bindiga. Wanda yake ganin wannan bai shafe shi ba, ya tuna da Fambita: ranar Juma'a 21 ga Maris 2025, cikin Ramadan, aka kashe mutum 44 a masallaci, duk cikin wannan jiha tamu ta Tilaberi. Wanda ya koyi cewa saɓanin aƙida ya isa dalilin kisa ba ya tsayawa a ƙofar majami'a.

Saboda haka, in abokin aikinka Kirista ya tambaye ka, ka faɗa masa tauhidi sarai, ba kwana-kwana. Kada ka ce masa yana bauta wa gumaka uku, zai ce ba ka san abin da kake faɗa ba, ya toshe kunne daga sauran maganarka, gaskiyarka ta tafi tare da kurenka. Kada ka zagi abin da yake girmamawa, Suratul An'am ta hana, don kada a rama da zagin Allah. Wanda karatunsa bai kai ba, ya bar muhawara ga malamai. Faifan gardamar da yara ke turawa juna cikin waya suna shewa bai taɓa shiryar da kowa ba, iyakacinsa ya sa mai sayen rago da mai sayarwa su kasa haɗa ido ranar Lahadi.

Gobe, in Allah Ya kai mu, za mu ɗauko daga aya ta 172, wadda ke magana a kan bautar Almasihu da mala'iku makusanta ga Ubangijinsu. Allah Ya karɓi azuminmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.