Siririyar Waya da Mas'alar Shaida

A shekarar 1937 wani masanin ilmin fiziks ɗan Italiya, Ettore Majorana, ya tabbatar da hujjar lissafi cewa mai yiwuwa ne a sami ƙwayar zarra wadda ita ce kishiyar kanta, sa'an nan a shekara mai biyowa ya ɓace bayan tafiyar jirgin ruwa tsakanin Palermo da Napoli, ya bar wa na baya mas'alar da har yau ba ta warware ba.

Da aka daɗe ba a sami wannan ƙwayar a sarari ba, sai malamai suka yi azamar ƙera misalinta. A Delft ta ƙasar Holan, a 2012, jama'ar Leo Kouwenhoven suka ɗauki waya wadda kaurinta bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na silin gashi ba, suka manna mata ƙarfen da lantarki ke ratsawa ba tare da cikas ba idan sanyi ya tsananta, suka sanyaya ta fiye da digiri 272 ƙasa da daskarewar ruwa, suka kunna maganaɗisu, sai ga ɗan tudu ya bayyana a ma'auni, daidai inda lissafi ya ce. Abin kwaɗayin shi ne, ƙwayar lantarki tana zama tamkar ta rabu biyu, rabi a kowane bakin waya, don haka bayanin da aka ajiye a tsakaninsu ba ya lalacewa da sauƙi, kuma da wannan dabarar ake fatan gina kwamfuta sabuwar iri.

Amma alama daban, hujja daban. Malaman Malikiyya ba su tabbatar da ganin watan azumi da maganar mutum guda, sai adalai biyu ko jama'a mai yawa, domin ido yakan ga abin da zuciya ke so. Haka nan datti kaɗan cikin wayar yakan haifar da tudu mai kama da na gaskiya, shi ya sa masu tahaƙiƙi ke sharɗanta a ga alamar a bakuna biyu lokaci guda. Wata maƙala mai da'awar ganin alamar, wadda aka buga a mujallar Nature a 2018, ita ma janye ta aka yi a 2021, bayan Sergey Frolov da Vincent Mourik sun bi cikakkun alƙaluman sun ga an bar waɗanda suka saɓa wa da'awar.

A Fabrairun 2025 kamfanin Microsoft ya shelanta na'urarsa Majorana 1, wadda ya ce a kan wannan dabarar aka gina ta, alhali malamai da dama, kuma a ganina da gaskiyarsu, suna cewa dalilan da aka gabatar ba su kai matsayin yaƙini ba tukuna.